Yadda na koyi cewa "na sallama"

Akwai wani hoto a wayata da na kasa gogewa. Sau biyu ina canza waya, yana biye da ni. Hoton fuskar manhajar cinikin kirifto ne, wato kuɗin intanet irin su Bitcoin, da na ɗauka wani dare cikin watan Nuwamba na 2021, ga dala 340 ɓaro-ɓaro da koren rubutu a ƙarƙashi. Dala 100 na zuba. Lokacin 'yan canji suna sayar da dala wajen naira 570, ka ga dubu 57 ɗina sun zama kusan dubu 194 cikin sati biyar, ban ɗaga ko tsinke ba. Ni gyaran waya nake yi a Farm Centre nan Kano, tebur ɗaya, yaro ɗaya, kuma a wancan lokacin sai in shafe wata biyu ban ajiye irin wannan rarar ba. Na tura wa abokaina hoton, na tashi maiɗakina daga barci na nuna mata. Ta mutstsike ido ta ce, "To Maigida, ina kuɗin?" Na ce suna ciki. Ta juya ta ci gaba da barcinta.

Suna ciki ɗin kuwa, can suka ƙare.

Ba zan kama sunan ƙwandalar kirifton da na saya ba, don ba ita ta riƙe min hannu ba, ni na hana kaina sayarwa. A guruf ɗin Telegram da nake ciki, duk wanda ya ce zai fita sai a yi masa ca, a kira shi matsoraci, wai zai sayar da gona saboda kuɗin cefane. Bitcoin ta taɓa dala 69,000 a ranar 10 ga watan, kowa yana rantsuwa kafin shekara ta fita za ta kai 100,000. Da tawa ta sauko 260 sai na ce ba komai, bari ta koma 340 in fita. Da ta kai 180 na rage buri, na ce 260 ma ta ishe ni. Da ta dawo 100 na lallashi kaina da cewa ai har yanzu ban yi asara ba. Da ta nutse zuwa 60 kuma sai wata sabuwar hikima ta zo min, wai muddin ban sayar ba asarar ba ta tabbata ba. A Mayun 2022 wata babbar ƙwandala mai suna Luna ta ruguje ta ja kasuwa ƙasa, a Nuwamba dandalin musayar kirifto na FTX ya bi bayanta, Bitcoin ta sauko wajen 16,000. Ranar da na daure na buɗe manhajar, dala 19 na tarar.

Sai daga baya na gane abin da ya ɗaure ni. Lamba mafi girma da idonka ya taɓa gani, ita zuciya take ɗauka a matsayin haƙƙinka. Tun daga daren da na ga 340, duk abin da ya gaza haka gani nake yi an ƙware ni, alhali 260 ɗin ma ninki biyu da rabi ne na abin da na zuba. Ga kuma lissafin da ba a faɗa a guruf. Abin da ya faɗi da rabi, sai ya ninka kansa kafin ya dawo inda yake. Dala 19 kuwa sai ta ninka sau biyar da ɗoriya kafin in ga uwar kuɗina, ba a ma zo maganar riba ba.

Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani gudu yake yi. Da na dawo kasuwar a 2023 sai na koma wancan ƙarshen. Ina ganin kore, alamar farashi ya hau, nake sayarwa. Kashi 2, kashi 3 cikin 100, na fice. A Satumba na sayi Bitcoin ta dala 150 tana wajen 26,000, farkon Oktoba ta leƙa 28,000 na sallama ina murna da ribar dala 11 da 'yan kai. A ranar 10 ga Janairun 2024 hukumar kula da hannayen jari ta Amurka ta amince da asusun zuba jari na Bitcoin, manyan kuɗi suka kwararo, zuwa tsakiyar Maris ta haura 73,000. Da na bar ta, dala 150 ɗin nan da ta wuce 400. Takaicin wanda ya sayar da wuri da na wanda ya ƙi sayarwa, na ɗanɗana duka biyun, kuma ba zan iya ce maka ga wanda ya fi ɗaci ba.

Abin haushi, ƙananan ribobin nan ma ba sa isowa aljihu. Mai ƙaramin jari yana da wasu ɓeraye da mai babba ba ya jin motsinsu. La'adar dandali ba ta da yawa, a manyan dandaloli galibi kashi 0.1 cikin 100 ce a saye, haka a sayarwa. Amma tun da Babban Bankin Najeriya ya hana bankuna hulɗa da harkar kirifto a Fabrairun 2021, hanyarmu ita ce P2P, wato ka tura wa wani naira a banki, shi kuma ya sakar maka USDT, ƙwandalar da darajarta take bin ta dala, kuma ko bayan da aka sassauta dokar a Disambar 2023 yawancinmu a kan wannan hanyar muka ci gaba. A can kuwa farashin da za ka saya da wanda za ka sayar ba ɗaya ba ne, kullum akwai tazara. In za ka fitar da USDT daga wannan manhaja zuwa waccan, a cire maka kusan dala guda. Ga mai dala 3,000 wannan ba komai ba ne, ga mai dala 30 kuwa ya fi kashi 3 cikin 100, ribar da ka kwana kana gadi ke nan. Ban sa kuɗin data ba. Ban kuma sa ranar da nake gasa wayar wani bawan Allah don in ɗaga gilashinta, idona ɗaya yana kan jadawalin farashi da ke motsi duk minti biyar, na bar zafi ya wuce kima har igiyar sikirin ɗin ta narke. Abin da na biya na sabon sikirin ya cinye ribar sati uku.

Sannan naira ta koya min nata karatun. Ƙarshen Fabrairun 2024 dala ta kusa 1,900 a kasuwar bayan fage. Ina da USDT wajen 160 a ajiye, wato sama da naira dubu 300. Maƙwabcin teburina ya ce kada in kuskura, 2,500 za ta kai. Na riƙe. Gwamnati ta matsa wa dandalolin musaya, har Binance ta daina hulɗa da naira a watan Maris, zuwa tsakiyar Afrilu dala ta sauko ƙasa da 1,200. USDT ɗina 160 suna nan ba abin da ya taɓa su, amma sama da naira dubu 100 ta zube daga darajarsu. A nan na fahimci ƙofa biyu ce ɗan Najeriya yake fita ta cikinsu. Akwai daga ƙwandala zuwa dala, akwai daga dala zuwa naira, kuma kowacce tana da nata lokacin. Mai gidan haya da mai awo ba sa karɓar USDT.

Bayan ƙaramar Sallah ta wannan shekarar na je ƙauye wajen Wudil gaida ƙanin mahaifiyata. Kawu turkar raguna yake yi, shekara da shekaru. Na same shi a garke yana kwaɓa dusa, raguna takwas a ɗaure, kowanne da turkensa. Hira ta kawo hira na ba shi labarin halin da nake ciki, ina ƙoƙarin sauƙaƙa masa bayani. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce, "Ɗan nan, shi wannan abin naku yana cin dusa?"

Na ce ba ya ci.

"To shi ya sa ba kwa gaggawar rabuwa da shi. Ni kowace safiya waɗannan suna tuna min cewa ba zama suka zo yi ba."

Na ce, "Kawu, to kai ta yaya kake sanin ranar da kuɗi ya kai ƙarshe?"

Ya yi dariya har ya ajiye bokitin. Ya ce shekararsa talatin a wannan sana'a bai taɓa sanin wannan ranar ba sai bayan ta wuce. Abin da ya sani shi ne abin da ya kashe, daga kuɗin saye zuwa dusa da harawa da ƙowa da magani. Ana saura sati biyu Sallah yake fara kai su kara, kuma na farko-farkon ba riba yake nema a kansu ba, so yake jarinsa ya dawo gida ya kwana. In jari ya dawo, sai ya riƙa sakin sauran ɗaya bayan ɗaya, kowanne da kuɗin da ya yanka masa. Ɗaya ko biyu kawai yake bari har jajibiri. Wata shekarar raguna su yi ƙaranci a jajibirin ya ci kasuwa, wata shekarar tireloli su sauke kaya har a rasa masu taya, ya ja abinsa ya dawo gida.

"Kuma washegarin Sallah," in ji shi, "ragon da aka taya maka da daraja jiya, mahauci ne zai zo ya latsa cinyarsa ya yi maka kuɗin nama."

Abin da ya fi zauna min shi ne da ya ce kuɗin da zai sallama tun a gida yake yanke shi, da daddare, shi kaɗai. A kara ga dillalai suna zuga ka, ga na kusa da kai ya ce albarka an ƙara masa, ga rana, ga ƙura, ba wurin tunani ba ne. Ba a fafa gora ranar tafiya.

A mota ina dawowa na yi ta juya maganar. Akwai inda misalin bai yi daidai ba, kuma bambancin duk a kaina yake ƙarewa. Kawu ya san ranar Sallah tun da aka ga wata, ni kuwa ƙwandala ba ta sanar da jajibirinta. Sannan shi ko kasuwa ta juya masa baya yana da nama da fata. Ni dala 19 na gani.

Dama ta zo da wuri. Tun farkon 2024 yaran kasuwarmu suke ta ƙwanƙwasa gilashin waya a Telegram, wai mainin, wato tara wata sabuwar ƙwandala mai suna Notcoin kyauta, mu kuma muna yi wa 'yan baiwa, kamar yadda ake kiransu, dariya. Ranar 16 ga Mayu ta fashe, wato aka buɗe ta ga kasuwa ta zama kuɗi, dariya ta koma ciki. Ni ban yi mainin ɗin ba. Amma da waɗanda suka samu kyauta suka yi ta zubarwa, farashin ya sauko wajen rabin santi, wato dala 0.005, sai na ga jama'ar da ke bayanta suna da yawa, na yanke shawarar shiga da abin da ko ya ƙone ba zai hana ni cefane ba. Na sayi guda 15,000 a kan dala 0.006, dala 90 ke nan.

Kafin in danna saye sai da na ɗauko littafin da nake rubuta wayoyin kwastomomi, na juya bangon baya. Na fara da tambayar da ban taɓa yi wa kaina ba, wato kuɗin me nake nema? Na rubuta "rago", don Babbar Sallah saura 'yan makonni. Sannan na yanka wa kowane kaso kuɗinsa. In ta ninka ta kai 0.012, rabi zai tafi, guda 7,500, dala 90 ɗina su dawo. Guda 3,000 a 0.018. Guda 2,500 a 0.024. Ragowar 2,000 su ne ragon jajibirina, in bar su su yi tafiyarsu, da sharaɗin duk ranar da farashi ya sauko da rubu'i daga ƙololuwar da ya kai, in sallama ba gardama.

A guruf ana ta cewa dala ɗaya za ta kai. Wannan karon sai na duba adadinta, na ga guda biliyan 102 da ɗoriya ce. Kafin kowacce ta zama dala guda sai jimillarta ta kai dala biliyan 102, wato ta wuce duk wata ƙwandala a lokacin in ban da Bitcoin da Ethereum da USDT. Wasan danna waya na wata biyar. Lissafin bai ɗauke ni minti biyu ba, kuma da na yi irinsa a 2021 da ban kwana ina jiran ninki goma ba.

Rubutu a littafi bai isa ba, na san halina. Don haka a daren na jera odar sayarwa guda uku a manhajar. Ga wanda bai sani ba, akwai sayarwar nan take a kan duk farashin da ake ciki, akwai kuma wadda za ka rubuta farashin da kake so da adadin da za a sayar, ka tafi harkarka, duk sa'ar da kasuwa ta iso wurin ciniki ya faɗa ko kana barci. Kamar ka bar wa amintaccen dillali kaya ne ka ce masa kaza zan sallama, kada ka neme ni.

Ta farko cikin dare ta faɗa, ƙarshen watan Mayu. Na tashi sallar asuba na tarar dala 90 sun dawo. Na ji wani sanyi a raina, amma bai kai hantsi ba, don kafin in buɗe shago farashin ya wuce inda na sayar, sai na fara lissafin abin da guda 7,500 ɗin nan za su zama da ban taɓa su ba. Da ta doshi 0.016 yarona ya leƙo ta kafaɗata ya ce, "Oga, don Allah cire odar nan. Wallahi yanzu ta fara, kowa a layin nan saye yake yi."

Ba zan ɓoye ba, na buɗe shafin, babban yatsana yana kan wurin sokewa. Abin da ya tsayar da ni ba wata jarumta ba ce. Na riga na faɗa wa maiɗakina maganar rago, ta kuma faɗa wa yara, ƙaramin har ya fara neman igiya. Da lamba ce kawai a gilashi da na soke. Amma rago ne, na san idon da za a kalle ni da shi in na sake cewa "suna ciki". Na jefa wayar a durowa, na kulle, na ba yaron makullin na ce kada ya ba ni sai la'asar.

Ta biyu ta faɗa, ta ukun ma ta bi a farkon Yuni. Farashin ya ci gaba har ya kusa santi 3 kafin ya tsaya. A ranar na zauna na yi lissafin da bai kamata in yi ba. Da na riƙe duka 15,000 na sayar a 0.028, dala 420 ce. Ni kuwa 204 na karɓa, ga ragowar da ba ta wuce ta dala 56 ba. Dala 160 ke nan na bari a kasuwa. Ta yi min ciwo, kuma duk wanda ya ce maka irin wannan ba ta damunsa, ka bar shi da Allah. Sai dai na san mutumin da zai riƙe har 0.028, na taɓa zama shi, kuma na san ba zai sayar a can ɗin ba, 0.05 zai jira.

Saura ƙofa ta biyu. Jarin na bar shi a USDT, ribar dala 114 kuwa ban tsaya jiran dala ta ƙara tashi ba, na gaji da wannan wasan. Na sa ta a P2P wajen naira 1,480, ta ba ni dubu 168 da 'yan kai. Mai sayen ya turo hoton rasit yana ta azalzala ta in saki. Na ce ya yi haƙuri, na shiga manhajar banki na ga kuɗin sun zauna da idona, na duba sunan da ya turo ya yi daidai da na kan odar, sannan na sakar masa. Alat na bogi ya yi wa mutane da yawa illa a wannan gaɓar, bayan sun gama duk wahalar. Ana saura kwana goma Sallah, wadda ta kama 16 ga Yuni, na koma wajen Kawu na cika da kuɗin shago na ɗauki matsakaicin rago. Na zata zai yi min ragi na zumunci. Ya ce kuɗin wannan tun a gida ya yanke shi.

Ragowar 2,000 ɗin ce ta tona min asiri. Sharaɗina ya ce in sallama wajen 0.021, wato dala 42. Amma wannan ban sa mata oda ba, na bar wa kaina in yi da hannu. Ranar da ta iso wurin ina kallo ta wuce. Na ce ai jarina ya fita, rago ya samu, wannan kuɗin banza ne, bari in ga gudun ruwanta. Haka ta yi ta zamewa a hankali. A ranar 24 ga Agusta aka kama Pavel Durov, mai Telegram, a Faransa, duk ƙwandalolin da ke jingine da manhajar suka girgiza. Na sayar ƙasa da santi guda, dala 18. Kuɗi kaɗan ne, amma ciwon irin na 2021 ne sak. Kalmar nan "kuɗin banza" ita ce ramin. Dala 42 ko ta riba ce ko ta jari, mudun shinkafar da za ta saya ɗaya ne. Bayan wannan ne na zauna na koyi ɗaya odar, wadda ake ajiyewa a ƙasan farashi, in ya faɗo ya taɓa ta ta sayar da kanta, kana kuma iya ɗaga ta sama duk lokacin da kasuwa ta hau. Ita ma tana da nata halin, wani lokaci farashi ya sauko ya tsince ta sannan ya juya ya tashi ya bar ka a tasha. Na yarda da wannan a kan in bar wa zuciyata aikin.

Ban ce kowa ya kwafi lambobina ba, ni ma ba kullum nake yanka su haka ba. In abin da na zuba bai wuce dala 30 ba, ba na wahalar raba shi huɗu, don wani kason ma ba zai kai mafi ƙarancin abin da dandali yake yarda a sayar ba. Kashi biyu nake yi, jari ya fita, saura ya bi. Kuma na daina yi wa Bitcoin da ƙananan ƙwandaloli kuɗin goro. Bitcoin ta faɗi zuwa 16,000 ta tashi har ta haura 100,000 a Disambar 2024. Waccan tawa ta 2021 har yau ba ta ɗaga kai ba. Ɗan abin da nake da shi na Bitcoin ina iya mantawa da shi wata da watanni, amma ƙaramar ƙwandala tun ranar da na saye ta nake neman ƙofa. Cinikin da ake ara maka kuɗi a ninka maka ƙarfi sau goma ko ashirin kuwa ban taɓa shiga ba. Malamai suna da maganganu a kai, ni kuma ko ba don haka ba na ga yadda yake share asusun mutum cikin minti ɗaya, tun kafin a zo batun yaushe za a ɗauki riba.

Gwaji na ƙarshe ba a kaina ya faɗo ba. Yarona ya shekara uku yana danna Pi, wata ƙwandalar da ita ma ake tarawa a waya, kowace safiya kamar shan magani. Ya yi tantancewa, guda 220 suka buɗe masa. Ranar 20 ga Fabrairun 2025 aka buɗe ta ga kasuwa, kafin sati ya zagayo ta doshi dala 3. Azumi saura kwana biyu ko uku. Na ga yana ta murmushi shi kaɗai, na ce ya kawo in gani. Abin da ke ciki ya haura naira dubu 800, yaron da kullum zancensa yadda zai samu kayan aiki ya kafa nasa teburin.

Na ce, "Nawa za ka sayar?"

"Oga, ko ɗaya. Ai wannan ba farashinta ba ne. Farashinta na gaskiya dala 314,159 ne, an riga an yi ittifaƙi."

Na san maganar, ta zaga ko'ina. Na jawo kalkuleta na ce ya zauna. Pi guda biliyan 100 aka ƙayyade za ta kai. Na ce mu bar wannan, mu ɗauki biliyan 1 kacal mu ninka da farashin nasa. Dala tiriliyan 314. Na ce masa duk abin da duniya gaba ɗaya take samarwa a shekara, da Amurka da Sin da kowa da kowa, tiriliyan 100 ne da 'yan kai. Wa zai biya ka? Ya yi shiru yana kallon lambar, sannan ya ce ai ba a fahimci tsarin ba ne.

Ban ja da shi ba, na san ba a cin wannan gardamar. Na ce, "To na ji. Bar 160 su jira wancan farashin, in ya zo sun ishe ka har jikoki. Guda 60 fa? Me kake so ka saya da ka daɗe kana so?"

Ya ce injin hura zafi irin nawa, da mita, da saitin sukudireba mai kyau.

"Nawa ne?"

Ya faɗa. Muka lissafa, guda 60 sun biya har da canji. Ya yi ta jujjuya wayar a hannu kamar an ce ya sayar da ɗan'uwansa. Sai bayan magariba ya turo min saƙo cewa ya sayar a wajen 2.6, kuma in ta tashi gobe ni zai riƙe. Na ce na ɗauka.

Kafin ƙarshen Maris ta sauko ƙasa da dala guda, daga baya ma ta ƙara yin ƙasa. Injin yana nan a gefen teburina, da shi yake aiki, ya fara karɓar nasa kwastomomin. Guda 160 ɗin ma suna nan. Rannan muna cin abincin rana ya miƙo min wayarsa, sai ga hoton fuskar manhaja na ranar 26 ga Fabrairu, da koren rubutu a ƙarƙashi. Ya ce, "Oga, ka ga inda ta taɓa kaiwa fa. Za ta dawo."

Na ce Allah ya sa, ya ci maza ya haɗa wayar hajiyar nan, ƙarfe uku ta ce za ta aiko.